Tambayoyin Maigidana Sun Bi Gulbi

Daga Allah muke, kuma can za mu koma. Maigidana ya koma ranar wata Talata da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni ban iya rubutu ba. Ɗiyata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya zo mu dakata har ya wuce.

Na san dangi za su zo daga Argungu, don can ne tushenmu ni da shi. Na san malaman jami'a za su zo da motocinsu. Ɗalibansa ne ban zaci yawansu ba. Layinmu na unguwar Badariya a nan Birnin Kebbi ya cika, har masu babur suna juyawa su bi ta baya. Wasu a cikin ɗaliban sun yi furfura. Wata mata mai aikin asibiti ta durƙusa gabana, ta ciro wani tsohon jan ƙyalle daga jakarta, ta ce, "Mama, a ajinsa na ɗauke wannan shekarun baya, ban mayar ba. Ku yafe mini." Na karɓa na duba bakinsa. Ɗinkina ne. Nan kukan da nake riƙewa tun safe ya ƙwace mini.

A waje, an ce wani ya fashe da dariya cikin zaman makoki har aka harare shi. Ya ce a yi masa haƙuri, tunawa ya yi shekara guda cur ya zauna gaban Malam, bai taɓa samun amsa ɗaya daga bakinsa ba. Yana gama faɗa ya rufe fuska da hularsa. Manoman Ambursa sun zo su biyar da ƙwaryar shinkafa, suka ce yanzu wa zai riƙa kawo musu 'yan boko su shiga taɓo har gwiwa. Abokinsa kuwa, shugaban sashensu a jami'a, an ce ya zauna har aka watse. Da zai tafi ya aiko mini: "Ku gaya wa Hajiya ba ni da abokin gardama kuma."

Ba don in lissafa masu gaisuwa na sa a rubuta wannan ba. Aikin da maigidana ya yi shekaru yana tarawa ya ƙone, kuma da izinina aka ƙone shi. Akwai wata ɗalibarsa, yanzu malama ce a sashensu, da take son ta ci gaba da koyarwa irin tasa. An ba ta aji ɗaya ta gwada. Saura mako uku a koma karatu, kuma abin da za ta shiga ajin da shi babu shi ko'ina sai a kaina, kan tsohuwa mai takaba.

Malamin ilimin tsirrai ne. Lokacin da na aure shi a sakandare yake koyarwa, ya yi ta ƙaro karatu har ya kai jami'a. Ni kuwa ɗiyar masu turara shinkafa ce, ita na sani ciki da waje. Shekarun farko yadda kowa ke yi yake yi. Ya tsaya gaban allo ya yi ta faɗa, ɗalibai su yi ta kwafa, ƙarshen zango su mayar masa da abin da ya faɗa. Wata rana ya dawo daga gonarmu ya zauna bai ko cire takalmi ba. Ya ce ya gamu da ɗalibin da ya fi kowa maki a ajinsa, ya yi masa wata 'yar tambaya a kan shinkafar da ke gabansu, ɗalibin ya kasa.

"Innar yara," in ji shi, "maganata sunka maido mini, ni ko ina ta ba su maki. Ashe kaina nike ba maki."

Daga ranar ya canza, kuma a kaina aka fara. Bayan la'asar, ina tsintar shinkafa a faifai, sai ya jawo kujera.

"Mudu guda munka shuka, munka kwashe buhu. Sauran nauyin daga ina ya hito? Mi kika gani?"

"Ni mi na sani? Kai ne malami."

"Ba abin da kinka sani nike tambaya ba. Mi kika gani?"

Na ce daga ƙasa. Ya ce in haka ne, da fadama tana ta zurmawa kowace shekara, da yanzu ta zama rijiya. Na ce Malam, kai ma ka san gulbi na kawo sabuwar laka duk damina, ta ina za ta zurma? Can ya tashi yana tafa hannu kamar wanda aka yi wa bushara, ya shiga ɗaki ya rubuta abin da na faɗa. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Bokiti ya kawo, muka shanya ƙasa ta bushe, muka auna a sikeli, na shuka shinkafa a ciki ina ba ta ruwa. Da ta nuna muka cire ta, muka sake shanya ƙasar muka auna. Kusan yadda take take. Na koma na ce ruwa ne. Ya ce to in an shanya shinkafa ruwan ya fita, me ya rage a buhun? Sai da muka shekara muna wannan ja-in-ja kafin na gane da kaina cewa ganye ne ke jan iska, rana ta haɗa ta da ruwa, ta zama ƙwayar da nake tsinta. Ranar da na faɗa, ban yi tuwo da wuri ba don murna.

Ajinsa ya fi mutum ɗari biyu, ba ya iya jin bakin kowa. Shi ya sa ya zo mini da yadi kala huɗu, ja da fari da baƙi da tsanwa, ya ce in yayyanka kamar tafin hannu, in ɗinke bakinsu, in haɗa huɗu-huɗu a zare. Kowane ɗalibi a ba shi ɗauri ɗaya. Sai ya yi tambaya, ya ba da amsa huɗu, kowace da kalarta. Kowa ya ɗaga tasa a lokaci guda. In ya ga kaloli sun gauraye, sai ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi mai wata kala, su yi gardama. Bayan 'yan mintoci a sake ɗagawa. Yakan ce sau da yawa a ɗagawa ta biyu ajin ya koma kala ɗaya, shi bai ce komai ba. Duk ƙarshen zango yakan kawo mini ƙyallayen in wanke, su cika igiyar shanya, maƙwabta suna tambayata ko biki za mu yi. Kullum da waɗanda suka ɓace. Yakan ce 'yan mata ne ke share hoda da su.

Ba kullum nake jin daɗin abin ba. Akwai lokacin da ya riƙe ni da wata tambaya kwana tara, na roƙe shi ya faɗa mini in huta, ya ƙi. Rana ta goma na yi masa miyar kifi ban sa gishiri ba. Ya kai loma ɗaya ya ɗago kai.

"Innar yara, mi ya samu miyar ga?"

Na ce, "Mi kaka gani?"

Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na ba shi ruwa. Ya cinye tuwon haka nan. Amsar kuma bai faɗa ba.

Gardamarsa ta gaske da abokin nan nasa ce. Tare suka yi karatu, a kwano ɗaya suke ci in ya zo gidanmu, amma ba su taɓa rabuwa ba tare da an ɗaga murya ba. Ina jin su daga madafa.

Abokin kan ce, "Mutumina, ajinka kasuwar Argungu ce ranar Juma'a. Ina ofis ina jin ihu."

"Naka ko maƙabarta ce."

"Ni dai ina gama manhaja. Kai rabi kaka kaiwa."

"Kai kana gamawa. Su sun gama?"

Ƙarshe suka yi yarjejeniya. 'Yan shekarar farko aji biyu ne, kowa ya riƙe ɗaya. A ba su tambayoyi iri ɗaya ranar da suka shigo, a sake ba su ranar da za su fita, a karɓe takardun kada ko ɗaya ta fita waje. Malam ne ke ajiye su, yana ƙirga waɗanda suka gane a wani babban littafi mai baƙin bango. Haka suka yi shekara da shekaru.

Kada a ce kullum shi ke da nasara. Wata shekara ya dawo ya ƙi cin abinci. Ya ce ɗalibansa sun fi iya bayani, amma wajen sunayen sassan tsiro na abokinsa sun yi musu nisa. Na ce to ka yi shiru mana, wa ya sani? Ya dube ni irin kallon da ban so ba. Ya ce, "Takarda ba ta jin kunyata, shi ya sa nike sonta." Da safe shi ya kai wa abokin labari da ƙafarsa, kuma ya gyara koyarwarsa a zangon da ya biyo.

Malamar da na ambata ɗiyar wani ɗan kasuwa ce daga kudu, mai sayar da kayan babur, a nan Birnin Kebbi aka haife ta, Hausarta kamar tamu. Ta gaya mini da ta shiga jami'a ba ta iya buɗe baki cikin taro. Wata rana duk ajin suka ɗaga ja, ita kaɗai ta ɗaga tsanwa, tana gani ta yi sauri ta sauke. Malam ya gani. Bai nuna ta ba, bai kira sunanta ba. Cewa ya yi, "Akwai mai tsanwa guda a cikinku. Ban ce shi ke da gaskiya ba, amma ina so kowa ya nemo dalilin da zai sa mutum mai hankali ya ɗaga tsanwa." Kafin a tashi, ajin ya koma tsanwa. Ta ce ranar ce ta fara jin kanta na da amfani.

Da ya kusa ajiye aiki, aka sa ranar da manyan sashen za su zauna su duba ko za a mayar da duk azuzuwan shekarar farko irin nasa. Ya kwaso takardun daga ofis a buhunan shinkafa, ya jibge a ɗakinsa, yana ta warewa. A cikin haka ciwon ya kama shi. A asibiti na tambaye shi aikin fa, ya ce, "Na gama, saura in kai." Ni na ɗauka abin da ya gama yana wani wuri, a kwamfuta ko wajen malamar, buhunan kuma ragowa ce, kamar ɓuntun da ake bari bayan an sheƙe shinkafa. Ban ƙara tambaya ba. Mutum yana numfashi da ƙyar, ba takarda ce a raina ba.

Bayan addu'ar bakwai, ƙanensa ya buɗe ɗakin don a san abin da ya bari. Ya tarar da buhunan, gara ta fara cin na ƙasa. Wani cikin dangi ya ce a ba masu ƙosai su riƙa ƙunshi. Ƙanen ya zaro takarda ɗaya, ya zaro ta biyu, ya zo bakin ɗakina.

"Yaya, duba nan. Kusan kowace da Bisimilla a samanta. Yaran sun rubuta kafin su fara jarrabawa. Shi ma marigayi haka yake yi a kowane shafi. Ba a ba masu ƙosai sunan Allah a yar a kwata ana takawa. Suna da wani amfani?"

Ya miƙo mini. Duk rubutun da ke takardar baƙi ne kawai a idona, sai wannan layi ɗaya na sama. Shi na sani, tun ina yarinya na san surarsa. Na ga gara ta ci gefensa. Na ce, "Ya ce ya gama da su. Ku yi abin da ya dace."

Bai yi da wasa ba, Allah ya sani. Alwala ya yi, ya share wuri mai tsabta a bayan gida, ya ƙone su kaɗan-kaɗan don kada iska ta kwashi ko guntu. Ya tattara tokar a sabon buhu, ya tafi da ita Argungu ya zuba a gulbi inda ruwa ke gudu. Ina ɗaki ina jin ƙaurin, har ina sa masa albarka.

Malamar tana zuwa kullum tun ranar farko. Ta share tsakar gida, ta wanke kwanoni, ta tafi. Kunya ce ta hana ta yi maganar takarda a gidan da ake kuka. Sai da aka yi mako biyu ta zauna gefen tabarmata ta ce, "Mama, in kin sami sarari, akwai buhunan Baba. Littafin nan mai baƙin bango yana ƙasan ɗaya, da tambayoyin duka. Ya ce da ya ji sauƙi za mu sa su a kwamfuta."

Ban san yadda na faɗa mata ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta ce don me ba. Ta kama hannuna tana cewa ba komai, Mama, ba komai, hawayenta na zuba a kan hannun. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ƙanen maigidana da ya ji, ya zo ya zauna a ƙofar gida tun hantsi har azahar bai shigo ba.

An yi zaman manyan sashen ba takarda ko ɗaya. Bayan an tashi abokinsa ya zo, ya tsaya bayan labule.

"Hajiya, na faɗa musu abin da idona ya gani. Na ce shekara da shekaru yana kayar da ni. Sunka ce, ina shaidar?"

"Ba su yarda da kai ba?"

"Sun yarda da ni. Amma ko shi da yana nan ba zai karɓi maganata ba sai da takarda. Shi ya koya muna hakan." Sai ya ƙara da cewa, "Aji guda na samo wa yarinyar ga. In ta tara shaida, a sake zama. In ba ta tara ba, shi ke nan, ni ma baɗi nike ajiye aiki."

Don haka malamar take zuwa duk Alhamis da littafinta. Ni kaɗai ce na ji tambayoyin nan duka, don babu wadda ya kai aji bai gwada a kaina ba. Ina faɗa da Hausa, ita tana mayarwa Turanci. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Mun samo wasu, na tuna su tas. Amma ta ce tambaya kaɗai ba ta isa ba. Ƙarfin abin yana cikin amsoshi ukun nan na kuskure. Dole su zama irin kuskuren da mutum ke yi da zuciya ɗaya, yana ganin shi ke da gaskiya. In ita ta ƙirƙira, ɗalibai na gani za su gane, kowa ya ɗaga kala ɗaya, ba gardama, ba a koyi komai ba. Malam ya yi shekaru yana tsintar waɗannan kurakurai daga bakin ɗalibai. Ta ce ya sha gaya musu waɗanda suka fi kama mutane daga gidansa suka fito.

Alhamis da ta wuce ta ce, "Mama, albasa a rumbu, me ya sa take rage nauyi, rumbun kuma ya ɗauki ɗumi?"

Na ce ai rai gare ta. Numfashi take yi, tana cin abincin da ta tara a jikinta, ruwanta kuma yana fita.

"Haka ne, Mama. To da can, kafin ki gane, me kika ce masa?"

Na zauna. Ina ganin wurin da ya sa kujera, ina ganin hularsa a gwiwa. Na san mun yi kwanaki a kanta, na san na ba shi amsa uku ko huɗu, na san akwai wadda ta sa shi ya ruga ɗaki neman biro. Na nema, na nema. Ba ko ɗaya. Duk inda na laluba, amsar gaskiya nake tararwa zaune a wurin. Ta jira ni har aka kira la'asar, ta rufe littafin ta ce mu bari sai wani makon. Shafin babu komai sai tambayar.

Ba ni da ikon fita. Takaba nake, kuma ko na fita ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Shi ya sa na ce ɗiyata ta rubuta, ta sa inda masu karatu za su gani. Ku da kuka zauna gabansa, kun zo kun yi kuka, kun faɗa mini abin da kuka koya. Na gode, Allah ya ba da lada. Yanzu wani abu nake roƙo. Ku tuna abin da kuka ɗaga kafin ku gane, wanda kuka yi gardama a kansa kuna rantsuwa, daga baya kuka ji kunya. Ko kai likita ne yanzu, ko babba ne a ofis, kada ka ji nauyi. Malamar tana sashensu, kun san wurin.

Allah ya jiƙan maigidana, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa abin da ya koyar ya bi shi. Ni kuma Allah ya yafe mini, shi ma in ana jin roƙo a can, ya yafe mini.

Gobe Alhamis. Za ta zo da littafinta, ni kuwa tun safe nake nema ban samo mata komai ba.